Gandar Lallaɓa

Da sunan Allah mai yawan kyauta, wanda ya ba kare hanci, ya ba zomo ƙafa, ya ba ni wayon da ya fi na su biyun. Ku matso, ku gyara zama, ku kuma ajiye murmushin nan, domin ba labarin dariya na kawo muku ba. Zalunci aka yi mini da rana tsaka, a gaban jama'a, har da kiɗa.

Ni ne Cindo ɗan Barmo, mai yatsa shida a hannun dama, wanda makaranta ta yi wa kaɗan. Mahassada suna cewa korata Malam Ila ya yi tun ban kai rabin karatu ba, saboda wata bushiya da aka samu a cikin buzunsa. Ni dai na san da ƙafata na fita, bushiyar kuwa har yau ba ta ambaci sunan kowa ba. Da na ga garinmu ba zai iya ɗaukar mutum irina ba, sai na shiga duniya neman arziki.

Na ratsa Dajin Ƙaura, inda itatuwa ke canja wurin zama da zarar mutum ya juya musu baya, na fita da tafiya da baya ina zare musu ido. Na iso Kogin Mai-Komawa, wanda ke gangarawa gabas da safe, in rana ta karkata ya tuna ya yi mantuwa ya juya yamma. Na haye shi, na yi tafiyar hantsi guda, sai ga ganuwar Birnin Gurnani.

Jama'a, ban taɓa ganin gari irin wannan ba. Karnukansu kamar maruƙa, da mundayen azurfa a ƙafa, suna kwance bisa gado ana yi musu fifita. In mutum biyu suka haɗu, sai an ce "Ya kare?" kafin a ce "Ya iyali?"

A bakin ƙofa wani gajeren mutum mai faɗin baki ya tare ni, ya ce shi ne Bagudu, Wakilin gari. Yana yi mini magana, amma idonsa na kan ƙwaurina.

"Samari, baƙo ne kai?"

Na ce, "Baƙo ne, kuma ba irin wanda kuka saba gani ba."

"Kana da dangi a nan kusa? Wanda zai zo cigiya in an kwana biyu ba a gan ka ba?"

"Ni kaɗai nake, kamar rana."

"Alhamdu lillahi!" in ji shi, ya ɗaga hannu, sai kalangu ya tashi ta ko'ina. Ya ce gasar karnuka ta shekara ta matso, kuma ba a ba ɗan gari shirya ta, sai baƙo mai kwarjini da basira, ga shi Allah ya jefo musu ni har da yatsa na shida. Aka naɗa ni Uban Fili. Ni zan zaɓi gwajin da za a yi wa karnuka, ni zan zaɓi kyautar wanda ya ci, ba mai musa mini. Na ce a raina, yau dai na zo inda aka san darajar mutane.

Aka sa mini babbar riga mai ƙananan ƙararrawa a gefe, aka ɗinke wuyanta yadda ba ta fita. Aka ba ni ɗaki, ana kawo mini nama mai kitse safe da yamma. Kowace safiya Bagudu da kansa yake zuwa da ƙwaryar man shanu, ya durƙusa ya shafe mini ƙafa tun daga idon sawu har cinya, har ya zarce baya. Sannan a jero karnukan gari, kowane ya matso ya shinshina ni, yawu na zuba.

"Gaisuwa suke kawowa, ranka ya daɗe," in ji Bagudu.

Ni kuwa ina ɗaga musu hannu kamar wani basarake. Ku dubi irin wannan rainin hankali!

Aikin kansa ma bai bar ni na huta ba. Unguwar Maƙera sun ce su za su zauna a inuwar tsamiya, Unguwar Marina sun ce a kan gawarsu. Wata mata ta zo tana kuka wai an yi wa karenta baki, gashinsa na zuba. Wanda ya fi damuna shi ne Dogara, Sarkin Fawa, mai wani baƙin kare da ake kira Haɗiye, wanda ya saba cin gasa kowace shekara. Ya jefa masa cinyar rago a gabana, ban ga tauna ba, na ji dai ƙwat, cinya ta tafi.

"Uban Fili," in ji Dogara, yana dariya, "in ka tashi zaɓen kyauta, ka zaɓi mai laushi. Ba ya son jira."

Ban gane abin dariyar ba sai ranar da na shiga kasuwa. A can ƙarshen layi na iske wata tsohuwa mai sayar da ganda, ana kiranta Goggo Yalwa. A gefen tukunyarta wasu mutum uku suna cin ganda a tsaye, kowane da riga irin tawa sak, sai dai bayanta a yage, ga benci kuwa babu kowa a kai.

Na ce, "Goggo, waɗannan bayin Allah me ya hana su zama?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Da me za su zauna, ɗan nan? Iyayen Fili ne na shekarun baya. Su ne ma waɗanda aka samu abin tsinta."

Ƙararrawar rigata ta fara kaɗawa da kanta. Na tsuguna na ce ta yi wa Allah ta warware mini.

Ta ce, "Gasa gaba take haifarwa. Kare ɗaya ke ci, sauran masu karnuka su koma gida da zuciya kamar garwashi. A da, maƙwabci da maƙwabci sai su shekara ba sa gaisawa, a saki aure, a ƙona rumbu. Sai kakanninmu suka ce a riƙa nemo baƙo ya shirya, laifin duk ya zama nasa. In an gama, a ajiye wa karen da ya ci kyautarsa a tsakiyar fili. Da ya sa mata baki za a buɗe maka ƙofar gari, ka fara gudu. Da ya haɗiye loma ta ƙarshe za a saki duk karnukan da suka faɗi, su bi ka. Fushin kowa ya bi bayanka ya fita, gari ya kwana lafiya. In ka haye kogi ka tsira, karnukanmu ba sa shiga ruwa."

"Kogin da yake tafiyar hantsi guda?"

"Shi."

"Kuma Haɗiye ne ke ci?"

"To kai ka ga ƙwat nawa ne tsakanin nan da kogi."

Na miƙe a fusace. Ni? Cindo? Ashe kiwona ake yi kamar ragon suna, man shanun nan ashe miya ce ake zuba mini! Na nufi ƙofar gari, na iske ta a garƙame, masu gadi suka ce tun daga kasuwa suke jin ƙarata, suka yi mini barka da shan iska.

Na dawo wurin Goggo na zauna ina huci. A nan ne na ji wani abu yana minshari a ƙarƙashin teburinta. Na leƙa, sai ga wata tsohuwar karya, gashin baki ya yi fari, ido ya yi hazo. Na tafa hannu a kunnenta, ko motsi. Na ɗaga leɓenta, na ga dasashi fal, babu haƙori ko na magani.

"Sunanta Lallaɓa," in ji Goggo. "Ba ta ji, ba ta gani sosai, romo kaɗai take sha."

Na ɗaga kai na ga wata busasshiyar ganda a rataye, ta bijimi guda, ba a taɓa ta da ruwa ba. Na ƙwanƙwasa ta, ta amsa kamar ƙofar ƙarfe. Wayona ya dawo mini gaba ɗaya, har na ji yatsa na shida yana ƙaiƙayi.

Na ce, "Goggo, kina so a kira ki uwar zakaran Gurnani?"

Ta yi dariya har da tari. "Ni da ko inuwa ba a ba ni ranar gasa? In ka iya, jikana, ga ta nan."

Ranar gasa fili ya cika ya batse. Dattawan gari suka zauna a gindin tsamiya, su ne masu tabbatar da al'ada. Aka jera karnuka, kowane da igiya a hannun ubangijinsa. Goggo ta ɗauko Lallaɓa a faifai ta ajiye a ƙarshen layi, jama'a suka fashe da dariya. Na hau turmi, na kaɗa ƙararrawa, na ce gwajin farko na kunya ne.

"Kunya?" in ji Dogara. "A kare?"

"A garuruwan da na zaga, Sarkin Fawa, kare mai asali ba ya cin abinci a gaban manya. Ko naka ba a gidan mutunci ya tashi ba?"

Aka ajiye tiren tsire a gaban kowane kare. Kafin na sauko daga turmi tsire ya ƙare, Haɗiye ya haɗa har da tsinke da gefen tire. Lallaɓa kuwa ta shinshina nata, ta juya kai, ta yi hamma. Dattawa suka gyaɗa kai, babbansu ya ce rabonsa da ganin irin wannan tarbiyya tun yana yaro.

Na biyu na ce na jarumta ne, wanda ya motsa ko ya yi haushi matsoraci ne. Na sa aka cika bindigar toka har baki aka tayar a tsakiyar fili. Karnuka suka ruɗe, wani ya ja ubangijinsa a ƙasa har cikin rumfar mai fura, Haɗiye ya yi haushin da ya kakkaɓo tsamiya a kan rawunan dattawa. Da hayaƙi ya washe, ga Lallaɓa nan yadda aka ajiye ta, tana minshari.

Dogara ya cire hula ya buga da ƙasa. "Wallahi wannan maguɗi ne! Gasar karnuka ce ko ta masu barci? A yi tsere, in ba haka ba kowa ya saki igiyarsa yanzu!"

Jama'a suka ɗauka, "Tsere! Tsere!"

Sun ɗauka sun kama ni. Ba su san na kwana da sanin za a zo nan ba. Na ce to, a kai karnuka can ƙarshen fili, masu su su tsaya a nan, wanda ya fara taɓa ƙafar ubangijinsa shi ya ci. Aka busa ƙaho. Suna tasowa kamar guguwa, na taka bakin wani buhu da na ɓoye a bayan turmi, gafiyoyin da na tara daga kwatamin kasuwa suka watsu cikin fili. Ina kare, ina ubangiji! Wasu suka yi gabas, wasu suka haye katanga, wata gafiya ta shige wandon Bagudu, karnuka uku suka tsaya suna jiran fitowarta. Goggo kuwa buɗe murfin tukunyar romonta kawai ta yi. Lallaɓa ta ɗaga hanci, ta taho tana jan ƙafa, ta huta a hanya, ta sake tasowa, ta zo ta ɗora haɓa a kan ƙafar uwar ɗakinta.

Dattawa suka ce Lallaɓa ta ci. Na sa ƙarti biyu suka ɗauko kyauta, suka kife busasshiyar gandar nan a tsakiyar fili, ta yi ƙara kamar an yar da garma. Lallaɓa ta matso, ta lashe gefenta sau ɗaya, ta kwanta a inuwarta.

Jama'a suka gane abin da na ƙulla. Sannan ihu ya tashi. Bagudu ya ruga gaban dattawa yana riƙe da wando.

"Ranku ya daɗe, wannan ai har jikokinmu ba za ta cinye ba!"

Babban dattijo ya shafa gemu. "Ta sa baki, a buɗe ƙofa. Ba ta haɗiye ba, kada a saki igiya, kada kuma mai kare ya bar fili. Haka muka gada."

Aka buɗe ƙofa. Na taka a hankali har bakinta, na ga hanyar kogi shimfiɗe ba kowa. To ku gaya mini, mutum ya yi aiki irin wannan, sai ya tafi ba wanda ya ga fuskarsa? Waɗanda suka shafe ni da mai kamar kaza, sai in bar su haka nan? Na juyo na dawo.

Na sa aka shimfiɗa mini tabarma a gaban layin karnuka, daidai inda igiya ke ƙarewa. A nan nake cin abincina, ina miƙa ƙafa har kusa da hancin Haɗiye.

"Sarkin Fawa, ya kare? Ya rana? Hannun bai gaji ba?"

Goggo ta zo wucewa ta ce, "Jikana, ƙofa a buɗe take fa."

"Na gan ta, Goggo. Ba gudu take yi ba."

Kwanaki suka tafi. Masu karnuka suka yi baƙi a rana, a nan suke ci, a nan suke gyangyaɗi. Fushin da ya kamata ya bi ni ya rasa hanya, sai ya koma cikinsu: Maƙera da Marina suka ba hammata iska a kan inuwar tsamiya, aka fasa wa mai kalangu baki. Mahauta ta tsaya, gari ya rasa nama. Ni kuwa na yi musu waƙa, ina kaɗa ƙararrawa ina zagaya su. Goggo ta sake ce mini, "Ɗan nan, ka tafi." Na ce sai na ga Dogara ya yi kuka.

Wata safiya na ga Dogara ya kira Goggo, sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, yana nuna mata wajen mahauta. Ban damu ba. Can sai na ga hayaƙi a tsakiyar fili. An girka wata tukunya da za ta ɗauki jaki, ga Goggo tana zuba kanwa da hannu biyu, ƙarti suna cusa gandata a ciki.

Na ruga gaban dattawa. "Wannan haramun ne! Kyautar da na bayar busasshiya ce!"

"Al'ada ta ce ta cinye," in ji babbansu. "Ba ta ce ɗanya ko dafaffiya ba. Uwar zakara kuwa tana da ikon gyara wa karenta abinci."

Na juya kan Goggo. "Goggo, ni za ki yi wa haka? Wa ya san ki a garin nan kafin in zo? Wa ya ɗauko ki daga ƙarshen layi?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta fifita wuta. "Kai ne, jikana, Allah ya saka. Amma Sarkin Fawa ya ce duk fatar da aka feɗe a garin nan tawa ce har in mutu, ga ɗan ƙanwata can an karya masa hannu a rigimar inuwa. Sau biyu ina nuna maka ƙofa. Ganda irin wannan, da kanwa mai kyau, takan narke kafin azahar. Lallaɓa kuma rabonta da ƙoshi tun ranar gasa, da gangan na rage mata. Da ni ce kai, da ban tsaya jin ƙarshen maganar nan ba."

Ban tsaya ba. Na bi ta ɗakina na suri ƙwaryar man shanu, na nufi ƙofa ƙararrawa na tsala ihu. Ga Bagudu a bakin ƙofa, haƙora duk a waje.

"A sauka lafiya, ranka ya daɗe! A gaida kogi!"

Na kife masa ƙwaryar a ka, mai ya gangaro masa har dunduniya. Na ce, "Riƙe wannan, za a kawo maka gaisuwa."

Na yi gudun da ban san ina da shi ba. Rigar nan ta yi nauyi kamar an jiƙa ta, naman da suka ɗura mini ya tsaya a ƙirji. Rana ta kai tsaka ina hango ruwa, sai na ji ƙaho daga gari, bayansa wani gurnani kamar hadari ya taso. Jim kaɗan na ji ihun Bagudu ya hau sama, na san yawancin karnukan sun tsaya gaisuwa a ƙofa. Na fara dariya ina gudu, na waiga, sai ga baƙin abu guda yana tafe, ƙura na bin sa. Haɗiye bai tsaya kan mai ba. Ƙafar da aka yi kwanaki ana miƙa masa a hanci yake so.

Na kai gaɓa, na yi tsalle, ina sama na ji ƙwat.

Ruwa ya karɓe ni daidai lokacin da kogin ya tuna mantuwarsa, ya juya yamma da ni, ya kai ni wata ƙasa da ban nufa ba. Na ɗago kai na hango Haɗiye a gaɓa yana lashe baki, ƙararrawa biyu na kaɗawa a cikinsa.

Daga baya wani fatake ya ba ni labari cewa har yau ana gwajin kunya da na jarumta a Gurnani, amma wai sunansu Gwajin Bagudu, don shi ya sha wuya a shekarar. Wai Goggo Yalwa ta gina soro, Lallaɓa na kwana bisa gado. Wai kuma sun ƙara doka, kyauta ba ta wuce dafaffiyar hanta. Basirata suka ci, sunana ko a waƙar yara babu. Allah ya isa tsakanina da mutanen Gurnani, da karnukansu, da kanwarsu!

Saboda haka in kun shigo zaurena kuka iske ni a kishingiɗe ta gefen hagu, ban tashi zaune na gaishe ku ba, kada ku ce girman kai ne. Ni dai na fi waɗancan ukun na kasuwa, rabin mazauni ya rage mini. Kuma wanda ya zo da kare, ya ɗaure shi a waje.